Matakan da Na Bi Wajen Auna Maikro-RNA a Fitsarin Masu Ciwon Sukari

Na rubuta wannan bayani ne domin ɗaliban da ke shirin yin bincike a kan maikro-RNA da ciwon ƙodar da ciwon sukari ke haddasawa. Lokacin da na fara nawa aikin na digiri na biyu, na tarar da cewa takardun bincike suna yalwata bayani a kan sakamako, amma hanyar da aka bi har aka kai ga sakamakon sai a dunƙule ta cikin sakin layi biyu ko uku, kamar kowa ya riga ya san ta. Abin da aikin ya nuna mini shi ne, ingancin sakamakon da na'ura za ta bayar a ƙarshe ya dogara ne a kan abubuwan da aka yi tun kafin samfuri ya isa gare ta: wanda aka zaɓa, yadda aka karɓi fitsarinsa, inda aka ajiye shi, da kuma abin da aka yanke shawarar gwada shi da shi.

Matakin farko karatu ne da tsayar da tambaya, kuma ya ci lokaci fiye da yadda na zata. Maikro-RNA wani ɗan guntun RNA ne (RNA sinadari ne da ke ɗaukar saƙon gado a cikin ƙwayar halitta) wanda tsawonsa bai wuce harafin gado 22 ko kusa da haka ba. Ba ya samar da furotin da kansa. Aikinsa shi ne ya liƙe wa saƙon RNA da ƙwayar halitta za ta karanta ta ƙera furotin, sai ya hana a karanta saƙon ko ya sa a rushe shi. Victor Ambros ne da abokan aikinsa suka bayyana na farko a shekarar 1993 a jikin wata 'yar tsutsa mai suna C. elegans, kuma shi da Gary Ruvkun suka karɓi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2024 saboda wannan aiki. A jikin ɗan Adam an lissafa fiye da 2,000 daga cikinsu, kuma guda ɗaya yana iya taɓa saƙonni masu ɗimbin yawa. Dangantakarsu da ƙoda kuwa ta fito fili a 2008, lokacin da aka cire sinadarin Dicer, wanda shi ke yanka maikro-RNA ya zama cikakke, daga ƙwayoyin podosait na ɓeraye. Waɗannan ƙwayoyi su ne ke rungume da ƙananan jijiyoyin matatar jini a ƙoda, da rassansu a sarƙe kamar yatsun hannu biyu da aka cusa cikin juna, kuma da aka hana su maikro-RNA sai ɓerayen suka fara zubar da furotin a fitsari, ƙodojinsu suka lalace.

A ciwon sukari, yawan sukari a jini yana tayar da wani sinadari mai suna TGF-β, shi kuma yana sa ƙwayoyin ƙoda su riƙa tara wani furotin mai tauri da ake kira kolajin har nama mai aiki ya koma tabo. A nan ne na ci karo da abin da ya fara rikita ni. A 2007 ɗakin binciken Rama Natarajan da ke Amurka ya nuna cewa TGF-β yana ƙara wani maikro-RNA mai suna miR-192 a ƙwayoyin mesanjiyal na cikin matatar ƙoda, wanda hakan ke ƙara kolajin. A 2010 kuma wasu masu bincike a Birtaniya suka duba naman ƙodar mutanen da ciwon ya yi nisa a jikinsu, suka ga miR-192 raguwa ya yi, kuma raguwar tana tafiya tare da yawan tabo. Na kai wa malamin da ke duba aikina takardun biyu, na ce masa, "Malam, ɗaya daga cikinsu ai ba daidai ba ne." Ya ce mini in koma in duba wace ƙwayar halitta kowannensu ya auna, a jikin wa, kuma a wane mataki na ciwon. Da na duba sai na ga tambayoyi biyu ne daban. Daga nan ya sa na rage jerin da na tara zuwa guda uku: miR-192, da miR-21 wanda aka san yana taimaka wa tabo, da ɗaya daga dangin miR-29 waɗanda galibinsu ke danne samar da kolajin. Dalilin zaɓen fitsari kuma shi ne, ba kasafai ake tsakuro naman ƙoda daga mai ciwon sukari ba, albumin, wato furotin na jini da ake aunawa a fitsari a asibiti, yakan bayyana ne bayan matatar ta riga ta taɓu, wasu ma ƙodarsu na raguwa ba tare da albumin ya hau ba, alhali maikro-RNA yana jure zama a fitsari saboda yana ƙunshe cikin wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna ko a liƙe da furotin.

Mataki na biyu shi ne kwamitin ɗa'ar bincike, wanda babu halin a taɓa samfurin ko mutum ɗaya sai da amincewarsa a rubuce. Abin da aka nema daga gare ni ya haɗa da cikakken tsarin binciken, da takardar neman amincewar mahalarta a harshen da suke ji, da takardar tambayoyi, da wasiƙa daga sashenmu, da shaidar cewa na yi horo a kan ɗa'ar bincike, sannan rasidin kuɗin dubawa. Kuɗin ba shi da yawa idan aka kwatanta da abin da ke gaba, amma kwamitin yana zama ne a ranakun da ya tsara, kuma wanda takardunsa suka makara da kwana ɗaya sai ya jira zama na gaba. Da aka zauna, sai aka dawo mini da takarduna ɗauke da tambayoyi: nawa ne adadin jinin da zan ɗiba, har tsawon wane lokaci zan ajiye samfuran, ko akwai niyyar tura su wani ɗakin gwaji a waje, wa zai riƙe takardar da ke haɗa lambar samfuri da sunan mai shi, kuma me zan yi idan na gano wani yana da ciwon ƙoda bai sani ba. A ranar raina ya ɓaci, domin na ga watanni suna wucewa ban fara komai ba. Amma da na zauna amsawa, na gane tambayar ƙarshen nan ita ce mafi nauyi, domin tana kan ginshiƙin Sanarwar Helsinki ta 1964, wato lafiyar mahalarci tana gaba da buƙatar mai bincike. Sai da muka rubuta yarjejeniya da likitan ƙoda cewa duk wanda sakamakonsa ya nuna matsala za a tura shi wurinsa. Kuma a sani, amincewar kwamiti daban, izinin shugaban asibiti da na shugaban sashen masu ciwon sukari daban. Gara a nemi waɗannan tun ana jiran na farko.

Lokacin jiran nan ne ya fi dacewa a yi odar kayan aiki, kuma a nan ne mafi yawan kuɗin bincike ke tafiya. Akwai kayan ciro RNA, da sinadarin mayar da RNA zuwa DNA, da sinadarin PCR, wato gwajin da ke ninka DNA domin a iya auna shi, sannan kowane maikro-RNA yana da nasa faraima, ɗan guntun DNA da ke gane shi, da ake saye daban. Lissafin yana da sauƙi amma yana ba da mamaki: idan mutum 60 ne, kuma za a auna maikro-RNA 3 da na ma'auni 2, kowanne sau 3, an riga an kai gurbi 900, wato faranti 10 masu gurbi 96, kafin a sa gwajin gwaji da abin da zai lalace a sake. Wasu daga cikin kayan dole su zo cikin sanyi, a kan busasshiyar ƙanƙara, kuma ita tana ƙarewa a hanya idan kaya suka tsaya. Wani kwali nawa ya daɗe a wurin tantance kayan shigowa saboda takardar izinin shigo da sinadarai ba ta cika ba daga ɓangaren dillalin, kuma da ya iso akwatin ya riga ya huce, sai da aka sake aiko da wani. Tun daga nan nake buɗe kowane kwali a gaban wanda ya kawo shi, in duba sauran ƙanƙarar da ranar ƙarewar aikin sinadarin kafin in sa hannu.

Da izini ya fito, na koma ɗakin ganin masu ciwon sukari a ranakun da suke zuwa. An raba mahalarta ne bisa adadin albumin da kiriyatinin (wani dattin jiki da ƙoda ke fitarwa) a fitsari: ƙasa da miligiram 30 na albumin a kowane giram na kiriyatinin ana ɗaukarsa daidai, daga 30 zuwa 300 ya hau matsakaici, sama da 300 kuma ya hau sosai, sannan a haɗa da ƙiyasin ƙarfin tacewar ƙoda, wanda idan ya zauna ƙasa da 60 har fiye da wata uku ana cewa ciwon ƙoda ya zama na dindindin. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibi ba shi ne, awo ɗaya bai isa a sa mutum a rukuni ba, domin albumin yana hawa da sauka. Ƙa'ida ita ce biyu daga cikin awo uku a tsakanin wata 3 zuwa 6. Zazzaɓi, ciwon sanyin mafitsara, jinin al'ada da motsa jiki mai tsanani duk suna iya ɗaga shi na ɗan lokaci, saboda haka mutane da yawa da suka amince sai da na ba su haƙuri na ce su dawo wani lokaci. Haka kuma dole a rubuta magungunan da kowa ke sha, musamman na hawan jini dangin ACE da ARB da kuma na sukari dangin SGLT2, domin suna rage albumin, kuma idan ba a rubuta ba babu yadda za a raba tasirin magani da na ciwo daga baya.

Wani dattijo da ya daɗe yana fama da ciwon ya saurari bayanina har ƙarshe, takardar amincewa a hannunsa bai sa hannu ba, sannan ya ce, "Ɗana, wannan awon naka zai sa a canza mini magani?" Na ce, "A'a, Baba. Awon albumin da na kiriyatinin likitanka zai gani, kuma zai yi amfani da su. Na maikro-RNA kuwa bincike ne, yau babu likitan da zai ba ka magani bisa shi. Idan ka ƙi, babu abin da zai ragu daga kulawar da ake yi maka." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in dai zai amfani na baya, ya yarda. Ina ganin wajibi ne a faɗi wannan gaskiyar ƙarara ga kowane mahalarci, domin marar lafiya yana saurin ɗora fata a kan duk wanda ya gani da farar riga.

Kula da samfuri shi ne matakin da ya fi kowanne gajiyarwa, kuma shi ne wanda ba ya gyaruwa idan ya ɓaci. Fitsarin safe ake so, na tsakiyar zuba, a cikin mazubi mai tsabta, a sa shi a ƙanƙara nan take, a kai ɗakin gwaji ba tare da jinkiri ba. A can ake sa shi a na'urar wujijjiga a hankali domin ƙwayoyin halitta da tarkace su kwanta, a kwashe ruwan sama, a rarraba shi a ƙananan kwalabe, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Amfanin rarrabawar shi ne kada a riƙa narkar da samfuri ɗaya ana sake daskarar da shi. Duk samfuran dole a bi da su hanya ɗaya, kuma a rubuta lokacin karɓa da lokacin daskarewa. Idan na rukuni ɗaya sun kwana a firij, na ɗayan rukunin kuma an sarrafa su nan take, bambancin da za a gani a ƙarshe zai iya zama na ajiya ne ba na ciwo ba. A ɓangaren jini, kwalba mai sinadarin hana jini daskarewa na EDTA ake amfani da ita, domin takwaransa heparin yana hana PCR aiki. Kuma duk ruwan jinin da ya yi ja-ja alama ce ta cewa jajayen ƙwayoyi sun fashe, sun zubar da nasu maikro-RNA, irin su miR-451a, a ciki, irin wannan samfuri sai dai a ware shi. Firizar da muka yi amfani da ita ta jama'a ce, don haka na liƙa takardar rubuta sanyinta safe da yamma, na kuma raba samfuran gida biyu a firiza biyu saboda tsoron ɗaukewar wuta.

Ciro RNA yana buƙatar natsuwa. Sinadarin da ke rushe RNA yana nan a fatar hannu da kan tebur, saboda haka safar hannu da goge wuri ba ado ba ne, kuma ruwan da ake fasa samfuri da shi yana da finol, dole a yi aiki da shi a cikin akwatin zuƙe iska. Idan aka narkar da daskararren fitsari, sau da yawa za a ga wani farin gari-gari ya kwanta a ƙasan kwalbar. Gishiri ne da furotin mai suna yuromodulin, wanda ke kama jakunkunan da ake nema ya sauka da su, don haka sai an girgiza sosai har ya narke kafin a ɗiba. Mai son ware jakunkunan kaɗai yana buƙatar na'urar da ke juyi da ƙarfin da ya ninka na maganaɗisun ƙasa sau 100,000, ba kowane ɗakin gwaji ke da ita ba, inda take kuma sai an bi layi. Mu mun zaɓi auna ruwan fitsarin gaba ɗaya bayan cire ƙwayoyin halitta, muka kuma rubuta haka a fili. Bayan an zuba ruwan fasawa, ana ƙara wani ƙayyadadden adadi na cel-miR-39, maikro-RNA na tsutsar nan da ba a samu a jikin mutum, domin a ƙarshe ya nuna ko cirowar ta yi kyau daidai a kowane samfuri. Ranar da na fara auna abin da na ciro, na'urar auna RNA ta nuna kusan sifili, gabana ya faɗi, na ɗauka aikin makonni ya tafi a banza. Wata babbar ma'aikaciyar ɗakin gwajin ce ta kwantar mini da hankali, ta ce RNA na fitsari ya yi ƙanƙanta da yawa ga wannan na'ura, shi ya sa ake fara aiki da adadin fitsari iri ɗaya kuma a ɗibi adadin ruwa iri ɗaya zuwa mataki na gaba.

Daga nan sai mayar da RNA zuwa DNA, sannan na'urar PCR, wadda ke ninka abin da ake nema zagaye bayan zagaye, yawanci har 40. Lambar da take bayarwa ita ce zagayen da haske ya fara bayyana. Ƙaramar lamba na nufin abin yana da yawa. Bambancin zagaye 1 ninki biyu ne, bambancin 3.3 kuma kusan ninki goma, saboda haka ɗan kuskuren hannu wajen ɗiga ruwa yana iya kama da babban sakamako. Duk abin da ya fito bayan zagaye na 35 ba a cika dogara da shi ba, kuma a fitsari irin wannan yana da yawa. Kowane faranti dole ya ƙunshi gurbin da babu samfuri a ciki, idan shi ma ya yi haske to an samu gurɓata. Haka kuma a gauraya rukunonin a kan kowane faranti, kada a sa masu ciwon ƙoda a faranti ɗaya marasa shi a wani. Ƙa'idojin MIQE da aka fitar a 2009 sun jera duk abin da ya kamata a rubuta game da irin wannan gwaji, kuma ya fi amfani a karanta su kafin a fara, ba lokacin rubuta kundi ba.

Inda aikin ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin daidaita lambobin. Lambar PCR ita kaɗai ba ta da ma'ana sai an gwada ta da wani abu da ba ya canzawa. A cikin ƙwayoyin halitta ana yawan amfani da wani ƙaramin RNA mai suna U6, amma shi ba maikro-RNA ba ne, mazauninsa cikin cibiyar ƙwayar halitta ne, kuma a fitsari ko ruwan jini ba ya tsayawa wuri ɗaya. Shi cel-miR-39 yana gyara bambancin cirowa ne kawai, bai san ko fitsarin wani ya yi kauri na wani ya tsinke ba. Wannan aikin kiriyatinin ne. Da na daidaita da hanya ɗaya, sai na ga bambanci tsakanin rukunonin wanda ya faranta mini rai; da na daidaita da wata, bambancin ya ragu ƙwarai. Babu wanda zai gane irin jarabar da ke cikin wannan lokaci sai wanda ya zauna gaban lambobin da dare, ga ranar miƙa kundi ta matso. Abin da ya tsare ni shi ne malamina ya tilasta mini tun kafin in fara in rubuta hanyar da zan bi, muka sa hannu mu biyu. Na bi abin da aka rubuta, na kuma kawo sakamakon ɗaya hanyar kusa da shi domin mai karatu ya gani da idonsa. A ganina rashin hanyar daidaitawa guda da kowa ya yarda da ita yana cikin manyan dalilan da suka sa binciken fitsari a wannan fanni yake yawan saɓa wa juna.

A wurin kare kundi, mai jarrabawa na waje bai tsaya a kan ko bambancin ya kai ko bai kai ba. Tambayarsa ita ce ta yaya na san maikro-RNA ɗin daga ƙoda ya fito, tunda fitsari yana ratsa mafitsara da magudanarta, wani kuma yana iya tsallakowa daga jini idan matatar ta yage. Amsar gaskiya ita ce irin nawa aikin yana nuna alaƙa ne kawai a lokaci ɗaya. Mai son nuna cewa wani maikro-RNA shi ke raunata ƙwayar halitta sai ya koma ga ƙwayoyin ƙoda da aka rena a faranti, ya sa wasu a sukari na daidai, kusan milimol 5.5 a kowace lita, wasu a 25 ko 30, ya ƙara rukuni na mannitol, wani dangin sukari da ƙwayoyin ba sa sarrafawa, domin a tabbatar ba kaurin ruwan ba ne ke yin ɓarnar, sannan ya toshe maikro-RNA ɗin ko ya ƙara shi ya ga abin da zai faru. Ko hakan ma bai kai ga magani ba: lademirsen, wanda aka ƙera domin toshe miR-21 bayan ya nuna alheri a ɓeraye, an dakatar da gwajinsa a kan masu ciwon ƙoda na gado mai suna Alport a 2022 saboda bai nuna amfanin da ake fata ba.

Da zan ba wanda zai fara shawara, zan ce ya rubuta tsarin karɓar samfuri da ajiyarsa da hanyar daidaitawa dalla-dalla kafin ya tunkari kwamitin ɗa'a, ya sa batun tura samfuri waje da ajiye shi domin binciken gaba a cikin takardar amincewa tun farko, domin ƙara shi daga baya yana nufin komawa kwamiti da kuma neman kowane mahalarci. Ya gwada dukkan matakan da 'yan samfura kaɗan kafin ya sayi kaya da yawa, saboda wani maikro-RNA da ya yi suna a naman ƙoda ƙila ba zai bayyana a fitsari ba sam. Bayan kundi kuma akwai sauran aiki: rahoton rufewa ga kwamitin ɗa'a, da zubar da ragowar samfuran ko ajiye su bisa abin da mahalarta suka amince da shi, da tabbatar da cewa duk wanda albumin ɗinsa ya hau ko tacewar ƙodarsa ta ragu ya ga likitan ƙoda kamar yadda aka yi masa alkawari.